Darasi: Yadda Ƙungiya Za Ta Sami Masu Kaya In Ta Shiga Kamashon Mota



Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya zama sana'ar mutane da yawa. Amma wanda ya taɓa noman tumatir ya san tsinka ba ita ce ƙarshen wahala ba. In kwando ya kwana biyu a bakin titi yana jiran mota, gumin wata uku ya zube.

Saboda haka waɗansu ƙungiyoyinmu na gama kai suna shawarar shiga kamasho, wato su haɗa mai kaya da mai mota, su karɓi la'ada. Ba sai an sayi mota ba. Direban da ya sauke kaya a Kano ba ya son komawa kudu wayam, shi ma lodi yake nema. Abin da ke da wuyar samu shi ne mai kayan da zai yarda ya danƙa muku dukiyarsa. Ga hanyoyi 6.

1. Ku fara daga gida. Masu kayanku na fari su ne 'yan ƙungiya. Mai kwando 20 ba zai cika mota ba, amma in mutane da yawa suka haɗa, za ta cika. Magatakarda ya buɗe littafi tun lokacin dashe. Ya rubuta sunan manomi, da ƙauyensa, da abin da ya shuka, da makon da yake sa ran tsinka. Da wannan littafi za ku san yawan kaya kafin ku nemi mota.

2. Ku je inda kaya ke taruwa. Fataken tumatir suna haɗuwa a kasuwar Kwanar Gafan, bakin hanyar Kano zuwa Zariya. Masu shinkafa suna Kura, masu hatsi kuwa suna Dawanau. Kafin ku yi magana da kowa, ku gai da sarkin kasuwa da shugabannin tasha, ku faɗa musu nufinku. Akwai 'yan kamasho da suka riga ku, da ƙungiyarsu da dokokinsu. Kada ku ƙwace wa kowa mai kaya. Ku nemi ƙananan masu kaya waɗanda ake bari a baya in lodi ya yi yawa.

3. Ku riƙe amsa a baki. Daga nan zuwa kasuwar Mile 12 a Legas kusan kilomita 1,000 ne. Mai kaya zai tambaye ku kuɗin kwando ɗaya, da ranar tashi, da ranar isa, da wanda zai biya 'yan lodi da kuɗin hanya. In kuka yi ta inda-inda, zai juya wurin wani. Kada kuma ku yanke kuɗin mota na rani duka a rana ɗaya, gama kuɗin gas yana canjawa.

4. Ku san direbanku. Ku rubuta lambar mota, da sunan mai ita, da wanda ya tsaya wa direba. A yi takardar kaya kofi 3: ɗaya ga mai kaya, ɗaya ga direba, ɗaya ga ƙungiya. Ku riƙa kiran direba a waya, kuna shaida wa mai kaya inda mota ta kai. In ta lalace a hanya, ku faɗa masa nan da nan. Gara ya ji daga bakinku da ya ji a kasuwa.

5. Kada ku dogara ga tumatir kaɗai. A 2016 tsutsar nan da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris na 2021 kuma aka tsai da kai abinci da dabbobi kudu. Ku san masu albasa da masara da shinkafa, da masu kawo taki. Ku sami amintacce a kudu mai nemo kayan dawowa, kamar manja da goro da katako da kwanduna. Direban da ya tabbata ba zai dawo wayam ba yakan rage kuɗi, ragin nan kuwa shi ke jawo muku masu kaya.

6. Ku tsaya kan gaskiya. Ku faɗi la'adarku a fili, gaban mai kaya da direba. Kada ku ci ta nan ku ci ta can a ɓoye. Yawancin waɗanda za ku yi wa aiki maƙwabtanmu ne Musulmi. Ku girmama lokacin sallarsu da ranar Juma'a. In kuwa kun yanke ba za ku yi lodi ran Lahadi ba, ku faɗa tun da fari, ku shirya motar Asabar da ta Litinin, don kada kayan wani ya ruɓe saboda sujadarmu. Mutum ɗaya da kuka riƙe wa amana zai kawo muku 'yan'uwansa, wanda kuka cuta kuwa zai kore su.

Tambayoyi domin taronku na gaba:
(a) Kwando nawa 'yan ƙungiyarku suka fitar bara, kuma wa ya samo musu mota?
(b) In kaya ya lalace a hanya, wa zai ɗauki hasara? A daidaita wannan a rubuce kafin lodi na fari.
(c) Wane ne a cikinku mutane suka sani da riƙon amana, wanda za ku aika kasuwa?

Karatu: Misalai 11:1, Luka 16:10.

Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku.