Yadda Ake Biyan Buƙata da Guntun Larabci a Alƙahira

Ɗalibi zai taso daga Kano ko Damagaram da Ajurumiya a ka, wani ma har da Alfiya, amma ranar farko a gaban mai sayar da burodi sai bakinsa ya mutu. Na sha raka sababbin zuwa daga masaukin ɗalibai na Madinatul Bu'us zuwa kasuwar Ataba, kuma babu shawarar da ke ɓata mini rai kamar wadda ake ba su, wai su kama bakinsu har sai Larabcinsu ya nuna. Wanda ya yi shiru shekara biyu, da shirunsa zai koma gida.

Fara da gyara kunne. Bamisire yana mai da jimun "ga", ƙafun kuma ya haɗiye shi: jamal ya zama gamal, ƙahwa ta zama ahwa. Mako guda ya isa.

Sai ka haddace 'yan kalmomin neman ɗauki: "ya'ni e?" idan ba ka gane ba, "ismu e da?" don jin sunan abu, "tani lau samaht" don a maimaita, "birraha" don a sassauta gudu.

Yanzu ga inda aikin yake. Za ka buƙaci abin da ba ka san sunansa ba, kullum kuwa. A nan yawancinmu ke juyawa su bar shagon. Masaniyar harshe Elaine Tarone ta Amurka, da ta jera dabarun masu koyon harshe a 1977, har wannan gudun ta lissafa a ciki, amma ni a ganina shi ne mafi cutarwa. Kada ka gudu, kewaya. Misirawa suna da kalmar "bita'", wadda ke yin aikin "abin nan" namu, su kansu da ita suke cike giɓi. Ka ce bita', sannan ka faɗi aikin da abin yake yi, sannan inda ake amfani da shi. Da wannan jerin, ba akasinsa ba. Idan ka fara da launi ko girma, mai shago zai yi ta zaro maka kayan da ba su ba ne.

Misali, kana neman abin maƙale tufafi a igiyar shanya. Ka ce abin nan da ake riƙe "hudum" da shi a kan "habl", ka matse yatsu biyu. Zai ce maka "mashbak". To, kada ka karɓa ka wuce! Maimaita kalmar a gabansa har ya gyara maka lafazi, sannan ka rubuta nan take. Na daɗe ina tsallake wannan, sai in dawo bayan wata guda ina sake kwatanta abu ɗaya. Kwatance yana fitar da kai yau, maimaitawar ce ke bar maka kalmar.

Ni ɗan ƙaramin littafin rubutu na fi so, na aljihu, 'yan fam kaɗan ne. Google Translate yakan ba ka Fusaha ne, ga shi yana hana ka kallon bakin mai magana.

Hausarka ma jari ce. Cire "al" daga albasa ka sami basal, daga alƙalami ka sami alam a bakinsu, sabulu kuma sabun ne. Gwada, sau da yawa tana ci. Amma yi hattara: idan Bamisire ya ce yana "bi'afya", ba lafiya lau yake nufi ba, jikinsa ne babu daɗi. Burodi "esh" ne, "laban" madara ce, mai kama da kindirmo kuwa "zabadi". Idan komai ya ƙi, koma Fusaha ka sauke li'irabi, za a fahimce ka.

Hannu da fuska kuwa ba sai an koya maka ba.

Gargaɗina babba shi ne gyaɗa kai. Kunya takan sa mutum ya ce "aiwa" ko "mashi" alhali bai ji komai ba. A hira babu laifi sosai, amma a kantin magani, ko wajen dillalin gida, ko wurin sabunta iƙama, hasara ce. Mayar wa mutum abin da ka fahimta da bakinka, ka jira ya tabbatar. Kuɗi kuma a rubuta, domin "khamastashar" 15 ne, "khamsin" 50, kuma a cikin hayaniya sukan rikice. Ka tuna biyar ɗinsu zagaye ce kamar sifilinmu, sifilinsu kuma ɗigo ne.

Ɗan'uwa, gobe da safe ka bar abokin da ke yi maka tafinta a ɗaki, ka tafi wurin mai ful da ɗa'amiyya kai kaɗai, ka sayo karin kumallon da bakinka.