Hatsinka shi ne jinginarka

Kowace shekara muna ganin abu guda a kasuwanninmu, daga Maraɗi har Damagaram da Tawa. Da kaka, manomi ya ɗora hatsi bisa amalanke, ya sayar da arha, domin bukatu sun taso masa: bashi, magani, suturar yara. Da bazara, rumbu ya ƙare, sai ya koma kasuwa ya sayi tiya da tsada, wani lokaci ma daga hannun wanda ya sayar wa.

Me ya hana shi zuwa banki ya ci bashi, ya bar hatsinsa? Banki ba ya ba da kuɗi sai da jingina, wato abin da zai riƙe in ba a biya ba. Ma'aikaci yana da albashi. Babban ɗan kasuwa yana da takardar gida. Gonar gado kuwa, sau da yawa ba ta da takarda. Bankuna kuma sun ga abin da ya faru a baya. Bashin da ba a biya ba yana cikin abubuwan da suka karya babban bankin raya ƙasa, BDRN, aka rufe shi a 1990, aka kafa Sonibank. Asusun bashin manoma, CNCA, shi ma haka ya durƙushe. Ga shi yawancin bankuna suna Yamai da manyan garuruwa, nesa da ƙauye.

A ƙarshen shekarun 1990, wani shiri na hukumar FAO ya yaɗa wata dubara a Nijar. Da Faransanci ana ce mata warantaj. Mu mu kira ta jinginar hatsi.

Ga yadda take. Manoma su haɗu cikin ƙungiya. Bayan girbi, kowa ya kawo buhunansa na hatsi, ko dawa, ko wake, ko gujiya, a auna, a rubuta sunansa bisa buhu da cikin littafi. A shigar da su mangaza, a rufe da kwaɗo 2. Mabuɗi guda yana hannun ƙungiya, guda yana hannun asusun ajiya da bashi. Babu mai iya buɗewa shi kaɗai. Daga nan asusu ya ba da bashi, amma ba ya kai kuɗin hatsin duka. Bayan wata 5 ko 6, wajen Afrilu ko Mayu, a biya, a buɗe mangaza, kowa ya ɗauki kayansa.

Mu yi lissafi da misali. A ce buhu yana jika 20 da kaka. Asusu ya ba ka jika 16. Kuɗin ruwa da na ajiya suka kama jika 3, ka biya 19. Da bazara buhu ya kai jika 28. In ka sayar, ka samu ƙarin jika 5 bisa wanda ya sayar da kaka. In ka kai shi gida, iyalinka sun samu cimaka lokacin noma, ba ka tafi ƙwadago gonar wani ka bar taka ba. Mu a ganinmu wannan ya fi ribar kuɗin.

Amma kada mu ɓoye muku: akwai shekarar da farashi ba ya tashi. In buhu ya tsaya a jika 20, jika 3 ɗin nan hasara ce. Ƙwari ma suna iya cinye riba, musamman a wake, sai in an zuba shi cikin buhu mai ninki 3 an ɗaure sosai. Babban haɗari kuwa shi ne a kashe bashin wajen biki. Da me za a biya? Wanda ya sa kuɗin cikin kiwon rago, ko noman rani, ko ƙaramar sana'a, shi ke fanso buhunsa ba tare da ya sayar da shi ba.

Nan ne karatu ke da rana. Kafin ka sa hannu, karanta takardar da kanka. Nawa ne kuɗin ruwa a wata? Wace rana ce ta biya? In rufi ya yi yoyo, wa zai ɗauki hasara? Ka duba littafi ka ga adadin buhunanka daidai ne.

Ƙungiyar da ke son yin jinginar hatsi bana, ta gyara mangazarta, ta nemi malamin gona da asusu mafi kusa tun hatsi yana tsaye a gona. In kuɗin suka makara har Disamba, da yawa sun riga sun sayar.