Hunturun Kiyoto da Kanazawa: A Duba Kalanda Kafin a Yanki Tikiti

Hoton da ya fi jan baƙi zuwa Japan a lokacin sanyi shi ne na Kinkaku-ji, ginin nan na Kiyoto da aka lulluɓe da zinariya, dusar ƙanƙara ta kwanta a rufinsa fari fat. Abin da mai hoton ba ya faɗa shi ne, kwanaki kaɗan ne a shekara dusar ke kwanciya a Kiyoto, kuma sau da yawa kafin azahar ta narke. Wanda ya ɗauki hutun ƙarshen Disamba ya nufi can saboda wannan hoto, abubuwa uku ke jiransa: sanyin da babu dusa a cikinsa, ƙofofi a rufe, da kwanon abincin da bai san me aka zuba a ciki ba. Dukkansu ana iya kauce musu tun mutum yana gida.

Makon da mafi yawan ma'aikata ke samun hutu shi ne mafi wahala ga baƙo. Daga 29 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu ofisoshin gwamnati a kulle suke, gidajen tarihi da dama da ƙananan gidajen abinci suna binsu, jiragen ƙasa kuwa sun cika maƙil da masu komawa garuruwansu. Ba a rasa abin kallo ba: daren 31 ga Disamba ana buga ƙararrawa sau 108 a wuraren ibadar mabiya Buda, kuma ta Chion-in, mai nauyin kusan tan 70, sai malaman wurin 17 sun haɗu suke iya kaɗa ta. Amma wurin ibadar Fushimi Inari kaɗai yana karɓar mutum fiye da miliyan biyu a kwana ukun farko na shekara. Mai ɗauke da yara ko tsoho ba shi da abin yi a wannan turmutsitsi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu. Masauki ya yi sauƙi, layuka sun ragu, bukukuwa kuma suna bin juna. A tsakiyar Janairu matasa 'yan shekara 20 sanye da kayan gargajiya suke gasar harbin kibiya daga nisan mita 60 a Sanjusangen-do, dogon zauren nan mai gumaka 1,001. Asabar ta huɗu ta watan, a Nara, wadda ta riƙe sarautar ƙasar daga 710 zuwa 784, kafin Kiyoto ta zama babban birni a 794, ana cinna wa busasshiyar ciyawar dutsen Wakakusa wuta da dare, garin duka ya haske. Wajen 3 ga Fabrairu sai Setsubun, ranar da ake watsa soyayyen wake don korar sharri a al'adarsu. Akasarin waɗannan bukukuwa na addini ne. Baƙo Musulmi ɗan kallo ne, kuma babu wanda zai tilasta masa rusunawa ko jefa kuɗi a akwati.

Mai son dusar ƙanƙara ta gaske sai ya tsallaka duwatsu. Iskar da ke tasowa daga Sibiriya tana kwasar laima a tekun da ke yammacin Japan, ta zo ta ci karo da tsaunukan tsakiyar ƙasar, ta sauke kayanta a ɓangaren da ke kallon tekun. Shi ya sa Tokiyo ke shan rana a Janairu, Kanazawa kuwa tana cikin hadari da tsawa, har mutanen garin suna cewa gara mutum ya manta abincinsa da ya manta laimarsa. Garin ya tsira daga ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu, don haka tsofaffin unguwanninsa suna nan. A lambun Kenroku-en na gidan sarautar Maeda, daga 1 ga Nuwamba ake kafa dogayen sanduna a ɗaure rassan itatuwa da ɗaruruwan igiyoyi don kada nauyin dusa ya karya su. Dabarar aiki ce kawai, amma ta zama abin da aka fi zuwa kallo. Daga nan motar haya tana kai mutum ƙauyen Shirakawa-go, mai gidajen jinka masu tsini, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1995. Kujerar motar sai an kama tun da wuri.

Batun kuɗin jirgi a taƙaice: tikitin baƙi na mako guda, JR Pass, ya tashi daga yen 29,650 zuwa 50,000 a Oktoban 2023. Wanda tafiyarsa ba ta wuce Kiyoto da Nara da Kanazawa ba, sayen tikiti ɗaya-ɗaya ya fi masa araha.

Sanyin kansa yana da yaudara. A Janairu ma'aunin Kiyoto yana sauka wajen digiri 1 da asuba, da rana ya kai kamar 9, adadin da ba zai tsorata wanda ya san ɗarin Jos ba. Bambancin shi ne wannan ba ya sakin mutum da hantsi. Kiyoto a kwari take, tsaunuka sun kewaye ta ta fuska uku, sanyi ya taru ya riƙa shiga ta tafin ƙafa. Ga shi a tsofaffin gine-gine dole a cire takalmi a taka katako mai sanyi kamar ƙanƙara. Maganinsa safa mai kauri biyu, da takalmi mai sauƙin cirewa wanda ba ya santsi. Riguna uku marasa nauyi sun fi babbar kwat guda, domin cikin jirgi da shaguna akwai ɗumi sosai, mutum ya yi gumi, ya fito iska ta buge shi. A kowane ƙaramin kanti ana sayar da kairo, 'yar jakar da ke ɗaukar zafi da kanta na sa'o'i masu yawa. A kan riga ake manna ta, ba a kan fata ba, kuma ba a kwana da ita. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 5, wurare da yawa kuma suna rufewa kafin nan, don haka yawo da sassafe ake fara shi, kuma tsakanin azahar da magariba babu nisa.

Abinci ne ya fi buƙatar natsuwa, domin matsalar ba a ganinta da ido. Naman alade sananne ne a romon taliyar ramen, amma abin da ke shige wa baƙo shi ne mirin da sake, giyar shinkafa iri biyu da ake zubawa a miya da romo yadda ake zuba gishiri. Oden, dahuwar da ke tururi a kantuna duk hunturu, da jibuni, farfesun agwagwar Kanazawa, duka sai an tambaya. Haka amazake, abin sha mai zafi da ake sayarwa a wuraren biki: wani da shinkafa zalla ake yinsa, wani da dusar giya. Alamun rubutu biyu sun isa a fara da su wajen duba kwalin kaya, 豚 na alade da 酒 na giya. Hukuncin abin da ya rage bayan dahuwa kuwa malamai sun saɓa, kowa ya tambayi nasa kafin ya taso.

Duk da haka ba za a kwana da yunwa ba. Shahararren abincin hunturun Kiyoto, yudofu, awara ce tsagwaronta, ana ɗumama ta a ruwan ganyen teku a tukunyar ƙasa, kuma gidajen da ke kewayen wurin ibadar Nanzen-ji sun daɗe da suna a kanta. Abin tambaya shi ne ruwan da ake tsomawa. A Kanazawa kakar ƙaguwa tana buɗewa 6 ga Nuwamba ta kai 20 ga Maris, kasuwar Omicho mai shekara kusan 300 ta yi ja wur da ita. Dafaffiya da ruwan gishiri ba ta da wani abin shakka ga mai bin mazhabar Malikiyya, sai dai tsada. Mai ƙaramin aljihu ya nemi gasasshen dankali mai zaƙi da ake gasawa a kan duwatsu masu zafi. Gidajen abincin halal suna nan a Kiyoto da Osaka, amma ƙanana ne, wasu sai an kama wuri. Wanda Juma'a ta riska kuma, masallacin Kobe, mafi daɗewa a ƙasar tun 1935, wanda ya tsallake yaƙi da girgizar ƙasar 1995, yana garin da bai kai tafiyar awa guda a jirgi daga Kiyoto ba.

Saura guzuri. Bahaushe ba ya tafiya mai nisa babu kilishi ko dambun nama a jaka, to Japan ta haramta shigo da nama da duk abin da aka yi da shi ba tare da takardar binciken hukuma ba, ko da busasshe ne, ko da ɗan ƙulli ne na ci. Akwai karnuka masu sunsuna kaya a filayen jirgin sama, hukuncin kuma yana iya kaiwa tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara uku. Garin yaji da ganyen shayi sun fi sauƙin wucewa, su ma a nuna su ga jami'an bincike idan an tambaya. Kilishin a cinye shi kafin jirgi ya sauka, ko a bar wa mutanen gida.