Kafin a shafe ƙarƙashin tifa da baƙin mai

Wani mai tifa daga Tondibia, a gefen Yamai ta hanyar Tilaberi, ya aiko da tambaya. Motarsa yashi take ɗauka zuwa wuraren gine-gine, kuma bayan damina ya ga shasi ya fara ɓarewa, tsatsa tana zubowa ɓawo-ɓawo. Wani ya ce masa ya fesa baƙin mai, wani ya ce kwalta, mai shago kuma ya miƙo masa gwangwanin jan fenti. Wanne zai ɗauka?

Alhaji, kafin mu je kan gwangwani, mu fara gano inda tsatsar ta fito. Iskar Yamai ba ta cin ƙarfe yadda ta Kwatano ko Lome ke ci. Ruwan samanmu bai fi wajen milimita 500 zuwa 600 ba a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, sauran watanni kuwa ƙarfe a bushe yake kwana. Saboda haka idan mota ta yi mummunar tsatsa a nan, akwai abin da ke riƙe mata danshi. A taka motar, jiƙaƙƙen yashi ne da taɓon da ke maƙalewa a lungunan shasi, musamman da yake kuna bakin kogin Isa, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san yadda hanyoyin unguwannin bakin kogi suke komawa. Akwai kuma wadda motar ta taho da ita. Galibin manyan motocinmu sun yi shekaru a Turai, inda ake zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, sannan suka hau jirgin ruwa suka jira a tasha. Wannan gishirin yana nan cikin saƙo-saƙo, yana jan danshi duk sanda ya samu. Masu ɗaukar takin zamani, kanwa, gishiri ko dabbobi su ma suna cikin wannan hali, domin fitsarin shanu da taki suna cin ƙarfe sosai.

Baƙin mai dai ban yarda da shi ba. Na san dalilin da ya sa ake sonsa: kyauta ne, kuma yana korar ruwa na ɗan lokaci. Amma a garin ƙura irin namu, cikin mako guda ya zama kwaɓaɓɓen taɓo. Yana lalata robobi da tiyo, yana iya kaiwa ga birki, kuma daga baya babu fentin da zai kama wurin sai an sha wahalar wankewa. Ga shi yana ɗiga ƙasa, ruwan sama ya kwashe shi zuwa kogin da mutanen Yamai ke sha, ake ban ruwan shinkafa da lambu da shi. Yaron garejin da ke fesa shi ba safar hannu shi ma yana cutuwa.

Kwalta, wato baƙin shafin nan mai kauri da ake sayarwa don ƙarƙashin mota, tana da amfani amma a wurinta. Tana kare cikin madigadi daga tsakuwar da taya ke watsowa. Sharaɗinta ɗaya ne: a ɗora ta kan ƙarfen da aka riga aka gyara aka yi wa fenti. Idan aka shafa ta kan tsatsa, kyan ɗan maciji ne. Zafin Afrilu da Mayu, wanda ke wuce digiri 40, yana busar da ita ta tsattsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙarfe ya yi ta ruɓewa a ɓoye. Ita ce kuma ake rufe aibu da ita idan za a sayar da mota. Duk wanda ya je sayen kamiyo ya tarar da shasi baƙi wuluk yana sheƙi, ya sa guduma ya ƙwanƙwasa.

Abin da nake ba ka shawara shi ne fentin ifoksi mai gwangwani biyu, wanda ake haɗa fentin da ruwan da ke sa shi ƙanƙara. Shi ne ya fi riƙe ƙarfe, ya fi hana ruwa ratsawa. Sai dai rabin aikin, ko fiye, ana gama shi tun kafin a buɗe gwangwanin. A wanke shasin da ruwa mai ƙarfi da sabulu har gishiri da giris su fita, a bar shi ya bushe sarai. A buge ɓawon tsatsa da guduma, a bi da buroshin waya na inji har ƙarfe ya fito. Inda buroshi bai kai ba, a shafa ruwan kashe tsatsa, wanda ake haɗawa da asid na fosforik ko na tanin. Za ka ga wurin ya koma baƙi, alamar ya yi aiki ke nan. Amma siririyar tsatsa kawai yake iya juyawa, mai kauri ba ya ratsa ta, kuma shi kaɗai ba kariya ba ne, dole a rufe shi da fenti. A duba takardar gwangwanin, domin wani ifoksin ba ya jituwa da shi. Daga nan a yi shafi biyu na ifoksi, sannan a ɗora fenti na sama a duk inda rana ke bugawa, saboda rana tana sa ifoksi ya yi gari-gari.

Jan fentin da aka miƙo maka kuwa, idan kuɗi bai kai ga ifoksi ba, zai yi. Nemi wanda aka rubuta yana ɗauke da zinki, ka kuma ɗora masa fenti na sama, ka san cewa za a riƙa sabunta shi. Amma idan ka shiga kasuwar Katako, ka karanta jikin gwangwani da kyau. Tsohon jan fentin da ake kira miniyom na asali da dalma ake yin sa. Ba mu manta da yaran Zamfara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙurar da ke tashi idan ana gurzar irin wannan fenti tana bin tufafin mai aiki har cikin gida.

Lokacin aiki ma yana da muhimmanci. Kada a yi shi cikin damina. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, da sassafe, a inuwa, a ranar da hazo bai tashi ba, a yayyafa ruwa a ƙasan wurin don ƙura ta kwanta. Ƙarfen da ba ka iya ɗora tafin hannu a kai ya yi zafi da fenti. Ifoksi kuma da zarar an haɗa yana saurin daskarewa a zafinmu, don haka a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, bisa ma'aunin da aka rubuta, ba da ka ba. Mai fesawa ya sa takunkumi mai tace sinadari, ƙyallen rawani ba ya tare wannan tururin.

Cikin ƙofofi da ramukan da hannu ba ya shiga, akwai wani mai mai kama da kakin zuma da ake fesawa da siririn tiyo, a sabunta shi kafin kowace damina, a kuma buɗe ramukan fitar ruwa da taɓo ya toshe. Salansa fentin zafi take so. Birki ba a fesa masa komai. Ƙasan bodin tifa kuwa kada ka ɓata kuɗi, yashi zai goge duk abin da ka shafa. Abin da zai tsare shi shi ne kada motar ta kwana da jiƙaƙƙen yashi, kuma a ajiye ta yadda ruwa zai tsiyaye.

Abu guda ya fi damuna a bayaninka, wato ɓarewar shasi. Tsatsa tana kumbura ta ninka ƙarfen da ta ci sau da yawa, har ta raba ƙarafa biyu da aka haɗa, ta tsinke kusoshi. Duba inda sifirin ya kama shasi, da ƙarƙashin batir, da tankunan iskar birki, waɗanda ya kamata direba ya riƙa sauke ruwansu kullum. Idan guduma ta lotsa wurin ko ta huda, ka ajiye maganar fenti tukuna, ka kai motar wurin wanda ya san aikin shasi ya auna kaurin ƙarfen kafin ta sake ɗaukar yashi.