Zaɓin Haɗi a Ƙwayar Gadon Kafar Kalsiyam ta Tsokar Zuciya

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin yadda ƙwayar gado guda, CACNA1C, take samar da nau'o'in kafar kalsiyam mabambanta, da tasirin haka ga bugun zuciya da aikin magani.

1.0 Gabatarwa

Kowane bugun zuciya yana farawa ne da shigar sinadarin kalsiyam cikin tantanin tsoka ta wata kafa ta furotin mai suna Cav1.2. Ɗan abin da ya shiga shi ke buɗe rumbun kalsiyam na cikin tantanin, sannan tsoka ta tsuke. Umarnin gina wannan kafa yana ƙunshe a CACNA1C, a kan kuromosom na 12.

2.0 Ma'anar Zaɓin Haɗi

A shekarar 1977 aka gano cewa saƙon gado a gutsuttsure yake, binciken da ya kai Richard Roberts da Phillip Sharp ga lambar Nobel a 1993. Bayan an kwafi saƙon zuwa RNA, ana yanke sassan da ake kira intiron, a haɗa na eksan. Sai dai ba dukkan eksan ake ɗauka kullum ba: tantani yakan ɗauki wani, ya tsallake wani. Wannan shi ake nufi da zaɓin haɗi a nan.

3.0 Tasirinsa

Tsokar zuciya takan fara saƙonta da eksan 1a, tsokar jijiyoyin jini kuwa da 1b. Haka kuma eksan 8 da 8a ba sa haɗuwa a saƙo guda. Dole a ɗauki ɗaya. Irin wannan bambanci yana daga cikin dalilan da suka sa maganin hawan jini nifedipine ya fi tasiri a jijiyoyin jini fiye da zuciya.

Cutar Timothy ta ƙara fito da muhimmancin lamarin. A 2004, Splawski da abokan aikinsa sun nuna cewa sauyin G406R a eksan 8a yana hana kafar rufewa a kan kari. Kalsiyam sai ya ci gaba da kwarara, tazarar QT ta tsawaita, bugun zuciya ya rikice. Eksan 8a yana cikin kusan kashi 20 cikin ɗari na saƙonnin zuciya, eksan 8 kuwa kusan kashi 80. Saboda haka, idan sauyin ya faɗa eksan 8, kafofin da suka lalace sukan fi yawa, matsalar bugun kuma ta fi tsanani.

4.0 Kammalawa

An ga cewa sanin sauyin da ya auku a ƙwayar gado kaɗai bai wadatar ba. Wajibi ne a san eksan ɗin da ya shafa, da kuma yawan amfanin da zuciya take yi da shi, kafin a iya kimanta haɗarin da majiyyaci yake ciki.