Robert Flaherty da Matsalar Gaskiya a Cikin Fim

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A kan wannan magana ne fim ɗin gaskiya ya kafa darajarsa, watau irin fim ɗin nan da ake ɗauka daga zaman mutane na yau da kullum, wanda ba wasan kwaikwayo ba ne. Mai kallo yakan ɗauka cewa abin da ya gani a allon silima haka ya auku, ko mai kyamara ya zo ko bai zo ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun Robert Flaherty, wanda masana suke kira uban wannan fanni, domin a ga iyakar inda ya riƙe amanar mai kallo da ta waɗanda ya ɗauka.

Asalinsa da Farkon Aikinsa

An haifi Robert Joseph Flaherty ran 16 ga Fabrairu, 1884, a garin Iron Mountain cikin Jihar Mishigan ta Amurka. Dangin ubansa mutanen Ailan ne, na uwarsa kuwa Jamusawa. Uban ma'aikacin haƙar ma'adinai ne, saboda haka yaron ya tashi a dazuzzukan Kanada, bai yi wani zurfi a makaranta ba. A shekara ta 1910 Sir William Mackenzie, mai kamfanin reluwe, ya ɗauke shi aikin neman tama a gabashin gaɓar tekun Hudson. A waɗannan tafiye-tafiye ne ya saba da mutanen da Turawa ke kira Eskimo, waɗanda su kansu suke kiran kansu Inuit. Wani ɗan ƙabilar, Wetalltok, shi ya zana masa taswirar tsibiran Belcher, ya bi ta har ya isa can. Yau mafi girman tsibiran sunan Flaherty yake amsawa.

Da alƙalami ya fara, kafin sunansa ya fito a silima. A 1918 ya buga maƙaloli biyu kan waɗannan tafiye-tafiye a mujallar Geographical Review, sa'an nan a 1924 shi da matarsa Frances suka fitar da littafin My Eskimo Friends. Tun 1913 kuma yake tafiya da kyamara. Abin da ya tara ya kai tsawon ƙafa 30,000 na fim, amma a 1916, yana cikin shirya shi a Toronto, wutar tabarsa ta faɗa a kai, duka ya ƙone. Daga baya shi da bakinsa ya ce asarar ba ta kai yadda ake zato ba, domin hotuna ne barkatai, babu zaren da ya ɗaure su. Darasin da ya ɗauka shi ne, in ya koma, mutum guda zai bi da iyalinsa.

Nanook

A 1920 ya koma, da kuɗin Revillon Frères, wani kamfanin Faransa mai cinikin fatu. Ya shekara guda a Inukjuak. Ya tafi da kayan wanke fim da na nuna shi, saboda haka duk abin da aka ɗauka sai a haska wa mutanen gari su gani, su faɗi ra'ayinsu. Su ke fasa ƙanƙara su ɗebo ruwan wankin, wasunsu har gyaran kyamara suka koya. Wannan abin yabo ne, kuma ba a saba da shi ba a wancan zamani. Fim ɗin, Nanook of the North, ya fito a New York a watan Yuni na 1922, ya zagaya duniya.

To, amma me aka gani a ciki? Sunan mai gidan na ainihi Allakariallak, Flaherty ne ya raɗa masa Nanook. Matar da aka nuna a matsayin matarsa ba matarsa ba ce. Ɗakin ƙanƙarar da aka nuna suna kwana ciki an gina shi ya fi na kullum girma, aka kuma rushe gefe guda domin haske ya shiga. Akwai inda aka nuna shi yana cizon faifan garmaho kamar bai taɓa ganinsa ba, alhali kuwa ya san garmaho. Babban abin shi ne farautar wata ƙatuwar dabbar teku mai haure biyu irin na giwa. Mutanen sun riga sun saba da bindiga, amma aka sa su yi da mashi mai igiya, yadda iyayensu suke yi. Shi kansa Flaherty ya ba da labarin yadda suka yi ta kiransa ya harba sa'ad da dabbar ke neman jan su cikin ruwa, ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da juya kyamara.

Ya kamata a rarrabe waɗannan abubuwa, domin ba nauyinsu ɗaya ba. Rushe gefen ɗaki larura ce: kyamarar lokacin ƙatuwa ce, fim ɗin kuma ba ya kama hoto a duhu. Farauta da mashi ma tana da hujja, tun da maharban sun iya ta, kuma da yardarsu aka yi domin jikoki su ga yadda aka yi a da. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Laifin shi ne ba a gaya wa mai kallo cewa jiya ake nuna masa ba, aka bar shi ya tafi da zaton yau ce. An ɓoye bindiga, sa'an nan Baturen kanti, wanda cinikinsa ne ya sauya zaman mutanen, aka nuna shi mai alheri, yana raba wa yara biskit. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kimanin shekara biyu bayan ɗaukar fim ɗin Allakariallak ya rasu. Flaherty ya ce yunwa ce ta kashe shi a wurin farauta, amma masu bincike na baya sun fi karkata ga cewa ciwo ne, mai yiwuwa tarin fuka.

Daga Samowa zuwa Ailan

Ganin kasuwar da Nanook ya yi, sai kamfanin Paramount ya tura shi tsibiran Samowa a 1923. A ƙauyen Safune ya tarar da mutane cikin wadata, ba yunwa, ba sanyi, sun kuma daɗe da karɓar addinin 'yan mishan da tufafinsu. Sai ya sa aka koma tufafin ɓawon itace, ya kuma biya wani saurayi aka yi masa jarfar gargajiya daga ƙugu zuwa gwiwa, aiki mai zafi ƙwarai. Fim ɗin, Moana, ya fito a 1926. A sharhin da John Grierson, mutumin Sikotilan, ya yi masa a jaridar New York Sun ne aka fi danganta shigar kalmar da Turawa ke kiran wannan fanni da ita. Abin lura ne cewa fim ɗin da ya jawo wa fannin suna shiryayye ne tun daga tufafi.

Inda al'amarin ya fi fitowa fili shi ne ƙasar kakanninsa. A ƙarshen 1931 ya isa tsibiran Aran, a yammacin Ailan, da kuɗin kamfanin Gaumont-British, ya kusa shekara biyu a Inishmore. Wuri ne na falalen dutse, inda manomi ke haɗa ƙasar noma da hannunsa, ya kwaso ciyawar teku da rairayi ya shimfiɗa bisa dutse kafin ya shuka dankalin Turawa. Wannan Flaherty ya nuna shi yadda yake, kuma har yanzu yana cikin mafi kyawun abin da ya ɗauka. Iyalin kuwa haɗa su aka yi: Colman King, da Maggie Dirrane, da yaro Michael Dillane, an zaɓe su ne don kyawun fuska. Farautar wani ƙaton kifi da ake tatsar man hantarsa don fitila an bar ta shekaru da dama, kananzir ya maye gurbi, har sai da aka sake koya wa masuntan yadda ake yi. A ƙarshen fim aka sa mutum uku suka shiga kwalekwale cikin haukan teku. Flaherty ya amsa daga baya cewa ya cancanci a harbe shi saboda abin da ya sa su yi a kan fam biyar-biyar da gangar giya.

Man of Aran ya fito a 1934, ya ci kyautar fim ɗin waje mafi kyau a bikin Venice na Italiya, kuma shugaban gwamnatin Ailan, Éamon de Valera, ya halarci nuna shi a Dublin. Sabuwar ƙasa ce mai son a nuna ta da jarunta. Amma masu sharhi irin su Paul Rotha suka yi tambaya: ina talaucin da ba teku ce ta kawo shi ba? Ina masu manyan filaye, ina 'yan kasuwa, ina samarin da ke ƙaura zuwa Amurka? Ko majami'a da limaminta ba a gani ba, a tsibirin da addini ke tsakiyar rayuwa. Abokin gaba a fim ɗin Flaherty kullum ƙanƙara ce, ko teku, ko iska. Da wuya a ga inda mutum ke cutar mutum.

Akwai wani ƙaramin aiki da ya kamata masu nazarin adabin baka su sani. Sa'ad da 'yan wasan Aran suka je Landan don ɗaukar muryoyi, ya shirya da su Oidhche Sheanchais, watau daren ba da labari, wanda ya fito a 1935. Shi ne fim mai magana na farko cikin harshen Ailan na asali: tsoho yana ba da labari a bakin murhu, sauran suna saurare. Murhun a ɗakin ɗaukar fim aka gina shi, amma harshen da labarin na mai su ne. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai bayan shekara saba'in da ɗoriya aka gano kwafinsa a Jami'ar Harvard.

Shekarun Ƙarshe

Sauran aikinsa bai yi yawa ba, don shi mutum ne mai jinkiri da ɓarnar fim, manyan kamfanoni kuwa ba su jure haka. Elephant Boy, wanda ya fara a Mysore ta Indiya, a Ingila Zoltan Korda ya ƙarasa shi, ya fito a 1937. Ya rubuta littattafan ƙagaggen labari biyu kan arewacin Kanada, The Captain's Chair a 1938 da White Master a 1939. The Land, na 1942, shi kaɗai ne ya dubi fatara ido da ido: zaizayar ƙasa da manoman Amurka da injuna suka raba da gonakinsu. Ma'aikatar Gona ta Amurka da ta biya kuɗin ba ta sake shi ga jama'a ba, don an shiga yaƙi. Na ƙarshe, Louisiana Story, na 1948, kamfanin Standard Oil ne ya ɗauki nauyinsa. Yaro ne da kwalekwalensa a fadama mai kadoji, injin haƙar mai ya zo, ya yi aikinsa, ya tafi ya bar fadamar tsaf da iyalin cikin jin daɗi. Kiɗan da Virgil Thomson ya tsara masa ya ci kyautar Pulitzer a 1949.

Flaherty ya rasu ran 23 ga Yuli, 1951, a Dummerston cikin Jihar Vermont. Matarsa ta kafa taron nazarin fim na shekara-shekara da sunansa a 1955, kuma a 1989 Nanook ya shiga cikin finafinai 25 na farko da Amurka ta zaɓa don adanawa. A Inukjuak kuwa, matar da ta fito a matsayin matar Nanook ta haifi ɗa namiji a ƙarshen 1921, bayan tafiyar Flaherty. Ɗansa ne, amma bai taɓa amsa shi ba, bai kuma sake komawa garin ba. A shekarun 1953 da 1955 gwamnatin Kanada ta kwashi iyalai daga Inukjuak zuwa can ƙuryar arewa, inda rana ke ɓacewa watanni, kuma wannan ɗa yana cikin waɗanda suka ƙare a Grise Fiord, a tsibirin Ellesmere. Sai a 2010 gwamnatin ta nemi gafarar waɗanda aka kwashe.