Darasi a Kan Naɗin Ƙwai da Nama na Safiyar Biki

A Amurka, safiyar ranar Kirsimati, wasu gidaje sukan karya kumallo da soyayyen ƙwai da nama, a naɗe cikin wata gurasa ta alkama mai faɗi, marar kauri, wadda suka koya daga mutanen Meziko. Abin da ya sa suke sonsa shi ne ana gama shi da wuri, ya kuwa ishi baƙi masu yawa. Hakimi da ƙofar gidansa ke cika ran Ƙaramar Salla zai ga amfanin wannan.

Amma da fari a san abu guda. Naman da Turawa ke sawa ciki, wanda suke kira ham, cinyar alade ce da aka tsuma da gishiri, wani lokaci a kyafe ta. Haram ne ga Musulmi. Saboda haka wanda tafiya ta kai shi ƙasashensu, aka miƙo masa wannan abinci, lalle ya tambaya kafin ya kai baki. A gida kuwa naman sa ko na kaza ya wadatar.

Ga yadda ake yi wa mutum 8:

1. A kwaɓa fulawa gwangwanin madara 3 da ruwan ɗumi gwangwani 1, da man gyaɗa cokali 3, da gishiri kaɗan. A rufe minti 20.

2. A raba kwaɓin gida 8, a murza kowane da kwalba har ya yi faɗin faranti. A gasa a kasko ba mai, kowane gefe kamar minti 1, a lulluɓe da tsabtataccen ƙyalle don kada ya bushe.

3. A gwada ƙwai 12 cikin ruwa. Wanda ya nutse sabo ne, wanda ya taso ya tsufa, a yar da shi.

4. A soya albasa da dafaffen nama kwata kilo, yankakke ƙanana, sa'an nan a zuba ƙwan a kaɗe, ana juyawa har ya daskare sarai.

5. A zuba a tsakiyar gurasar, a lanƙwaso gefe biyu, kana a naɗe kamar tabarma.

To, a kula. Ƙwan da bai dahu ba yana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai kawo zawo da zazzaɓi, ta fi kuwa yi wa yara da tsofaffi da masu juna biyu lahani. Kada a bar naɗin ya wuce awa 2 a ajiye, in ana tsananin zafi kuwa awa 1. Gara a yi ta soyawa kaɗan kaɗan gwargwadon isowar baƙi.

Ana roƙon malaman hakimai su karanta wa masu girkin gida wannan darasi tun kafin ranar, gama abin kunya ne baƙo ya zo gaisuwar Salla ya koma gida da ciwon ciki.